Ƙurajen fuska da baƙin tabo: me za a iya yi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a nan Sakkwato, shekaruna 19. Ƙuraje sun dame ni a goshi da kumatu, an kusa shekara biyu ke nan. Na shafa lemon tsami, na shafa man goge baki, na yi dilka. Wata ƙawata ta ba ni wani man bututu, ya kwantar da su cikin 'yan kwanaki, amma ina dainawa suka dawo fiye da da. Yanzu fuskar duk baƙin tabo. Ba ni da kuɗin mayuka masu tsada. Akwai abin da zan haɗa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Sannu da haƙuri. Akwai abin da za ki yi a gida, kuma ba zai ci miki kuɗi ba. Sai dai tun da fari ina so ki san cewa a irin halin da kika bayyana, abin da za ki daina shafawa ya fi abin da za ki fara shafawa muhimmanci. Fatarki ta sha wuya a hannun magunguna masu zafi, kuma yawancin tabon da ke damunki daga nan ya fito.

Bari in fara da yadda ƙurjin ke fitowa, don in kin gane wannan, ke da kanki za ki iya auna duk maganin da aka kawo miki. A fatar fuska akwai ƙananan ƙofofi da gashi ke tsirowa ta cikinsu, kowace ƙofa kuma tana da ɗan buhun da ke samar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Idan mutum ya balaga, sinadaran jiki da ake kira homon sukan sa buhunan nan su ƙara girma, su ƙara fitar da maiƙo. Sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fatar da ke saɓewa kullum, su cushe bakin ƙofar, kamar dai yadda kwata ke toshewa ruwa ya taru a bayanta. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Idan ta samu ƙofa a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki kuma ya taso yaƙi da ita. Wannan yaƙin shi ne kumburin da kike gani, da jan, da zafin, da ɗan farin ruwan da ke taruwa a kai. Ɗan baƙin ɗigon nan da ke kan hanci kuwa maiƙo ne da iska ta taɓa ya canza launi, ba datti ba ne.

Don haka ki cire wa ranki cewa ƙazanta ce ta jawo miki. Kusan kashi 85 cikin 100 na matasa tsakanin shekara 12 zuwa 24 suna samun ƙurajen nan, wasu kaɗan wasu da yawa, kuma gado yana da hannu sosai. Maganar da ake tsokanar 'yan mata da ita cewa wai aure ƙurajen ke nema, ba ta da tushe. Akwai matan aure masu 'ya'ya da ke fama da su har bayan shekara 30.

Abu na biyu, ƙurjin da kika gani yau ya ɗauki makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata kafin ya leƙo. Shi ya sa kowane magani na gaskiya, na gida ne ko na asibiti, yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauyi, wani lokaci sai an kai mako 12. Duk abin da ya share miki fuska cikin kwana uku, ki ji tsoronsa.

Wannan ya kawo ni kan man bututun da ƙawarki ta ba ki, wanda shi ya fi tayar mini da hankali a cikin tambayarki. Yadda kika kwatanta shi, ya kwantar da ƙuraje nan take sannan suka dawo da ƙarfi da kika daina, alama ce mai ƙarfi ta cewa akwai sitiroyid a ciki. Ki ɗauko kwalin ki duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. In kin ga Clobetasol, ko Betamethasone, ko Dexamethasone, to shi ne. Magunguna ne masu amfani a wurinsu, likita yakan rubuta su na ɗan gajeren lokaci domin wasu cututtukan fata, amma ba a yi su don ƙurajen fuska ba. Aikinsu danne kumburi, shi ya sa fuska ke yin sumul har ta ɗan yi haske a farko. A ƙarƙashi kuwa fatar tana sirancewa, garkuwarta tana raguwa.

Ina gane irin wannan fuskar tun kafin mai ita ta buɗe baki. Yarinya za ta zauna ta sauke niƙabinta a hankali, sai ka ga kumatu suna sheƙi kamar an shafa mai, fatar ta yi siriri har ƙananan jijiyoyin jini ja suna nunawa, goshi da haɓa cike da ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya, gefen ido da saman kumatu kuma sun yi duhu fiye da sauran fuskar. In ka tambaye ta sai ta ce ko ruwan alwala ya taɓa wurin raɗaɗi yake mata, rana kuwa ba ta iya jure ta. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin yawancinsu ba bilicin suka yi niyya ba, maganin ƙuraje suka je nema aka miƙo musu wannan. Haka ma mayukan da ake haɗawa a roba babu suna babu kwali, ana tallarsu a WhatsApp da sunan haɗin gargajiya ko na amare. Da yawansu an zuba musu irin wannan sinadarin, wasu har da na bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan mayukan canza launin fata. Akwai kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda sau da yawa sitiroyid ne na sha. Su ma suna feso da ƙuraje a fuska da ƙirji da baya, ban da illar da suke wa sauran jiki.

In kwanaki kaɗan kika yi kina shafa man, ki ajiye shi kawai. In kin yi watanni, ki sani fuskar za ta yi bore idan kin daina: ja, ƙaiƙayi, saɓa, ƙuraje su ƙaru na wasu makonni. A nan ne mutane ke karaya su koma masa. Kada ki koma. Wanda ya daɗe yana shafawa ya fi kyau ya ga likita a tsara masa yadda zai janye a hankali.

Lemon tsami kuma, na san kowa shi yake fara ba da shawara, amma ki rabu da shi. Tsaminsa ya fi ƙarfin fatar fuska nesa ba kusa ba. Sannan akwai wasu sinadarai a ruwansa da ɓawonsa waɗanda idan rana ta haska su a kan fata sukan ƙona wurin, ya bar baƙin shaci da ke daɗewa watanni. Ki tuna irin ranar da muke da ita a Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Man goge baki an yi shi ne don haƙori, abin da ke cikinsa yana busar da fata ya ƙona ta. Ɗanyar tafarnuwa tana iya tayar da bororo kamar ƙunar wuta. Kanwa, toka, gishiri, sukari da ake gurzawa, duk layinsu ɗaya.

Ga dalilin da ya sa nake tsananta wannan magana. Fatarmu ta baƙaƙen mutane tana da wata ɗabi'a: duk inda ta ji rauni ko kumburi, sai ta tura ƙarin launi wurin. Tabon da kike gani ke nan. Ƙurji ɗaya ya kumbura ya bar tabo. Kika matse shi da farce, kumburin ya ƙaru, tabon ya ƙara duhu. Kika zuba lemon tsami don tabon ya fita, fata ta ƙone, ta sake turo launi. Mutane suna cewa in magani yana zafi to yana aiki. A fatar fuska wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. In kin shafa abu kika ji raɗaɗi, ki wanke shi nan take.

Dilka ma abin da ke cikinta bai kai gurzar da ake yi illa ba. A hannu da ƙafa da baya babu laifi ga mai lafiyayyar fata. A fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje kuwa, murzawa tana farfasa su. Ki jinkirta ta har fuska ta lafa.

To me za ki yi? Ki fara da wanka da wanki. Ki wanke fuska da sabulu sau biyu kawai a yini, safe da dare, da tafin hannu, ba da soso ba, da ruwa mai ɗan ɗumi ko na randa. Alwala ba ta cikin wannan lissafi, ruwa ne zalla kuma yana taimakawa wajen ɗauraye gumi da ƙura. Abin da ban so shi ne a riƙa sa sabulu a kowace alwala. In za ki tsane fuska ki dangwala tawul mai tsabta, kada ki goga. Sabulun salo na asali yana cire maiƙo sosai, wasu yana karɓarsu, amma da toka ake yinsa, yana da kaifi. Ki murza shi a hannu ya yi kumfa, kumfar za ki sa a fuska, ki ɗauraye da wuri, sau ɗaya a yini ya isa. In kin ji fatar ta ɗaure tana ja bayan kin wanke, ya fi ƙarfinki, ki koma sabulu mai laushi marar ƙamshi. Kuma ki guji wanda aka cuɗa da wasu haɗe-haɗe da sunan ƙarin haske.

Tunda kin ce goshi na cikin inda suka fi yawa, ki duba man kitsonki. Mai mai kauri da ake lafta wa gashi yana narkewa da zafi ya gangaro goshi ya toshe ƙofofin fata. Ki rage shi, ki nisanta shi daga gaban kai. Ɗankwali da hular da kike sawa ƙarƙashin hijabi su zama na auduga, ki riƙa canza su kina wankewa akai-akai, haka niƙabi in kina sawa, haka rigar filo ko da sau ɗaya a mako. Bakin hijabi mai roba da ke matse goshi da haɓa, ga gumi ga gogayya, shi kaɗai yana iya tayar da ƙuraje a daidai layin da yake bi. Hoda da fandeshan kada ki kwana da su. Man kwakwa kada ya hau fuskarki. Man kaɗe da basilin suna da kyau ga leɓe da hannu da ƙafa, musamman da hunturu, amma a fuska mai maiƙo sai dai ɗan kaɗan a inda ya bushe yana saɓa.

Yanzu ga abubuwan gida da zan iya amincewa ki gwada, tare da gaskiyar iyakarsu.

Alobera ita na fi so ga fata irin taki da ta sha ƙuna. Ki yanko ganye ɗaya mai kauri daga gindi, ki jingine shi a kofi bakin yankan yana kallon ƙasa na kamar minti 15. Za ki ga wani ruwa rawaya mai ɗaci yana ɗiga. Wannan ba a so, shi ke sa ƙaiƙayi. Ki wanke ganyen, ki fere gefen masu ƙaya, ki tsaga shi, ki kankaro farin majinar da ke ciki da cokali mai tsabta. Ita za ki shafa siriri da dare. Tana sanyaya fata tana rage ja, amma ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar da ta toshe. Zuma mai kyau wadda ba a haɗa da sukari ba ita ma tana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa kuma tana tausasa fata. Ki shafa ta minti 10 zuwa 15 ki wanke, sau biyu ko uku a mako. Binciken da aka yi a kanta game da ƙurajen fuska bai nuna tana warkar da su ba, don haka ki ɗauke ta a matsayin mai lallashin fata.

Wanda ya fi samun shaidar bincike a cikin magungunan tsirrai shi ne man da ake sayarwa da sunan Tea Tree, na wata bishiya ce ta ƙasar Ostireliya, ba ganyen shayin da muke sha ba. A 1990 an gwada shi a can a kan mutum 124, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, aka kwatanta shi da maganin kemis. Ya rage ƙuraje, ya fi jinkirin aiki, amma bai cika busar da fata ba. In kin same shi, ki nemi wanda aka riga aka sirka. Tsantsarsa tana ƙona fata, kuma ba a shan sa ko kaɗan.

Ganyen dogon yaro da muke da shi a kowane layi, in an tafasa aka bar ruwan ya huce aka ɗauraye fuska, ba na hanawa, amma kada ki ɗora masa dogon buri. Kurkum yana ɗan rage kumburi, ana iya kwaɓa kaɗan da zuma, sai dai yana rina fata da tufafi. Man habbatus sauda kuwa, duk da darajar da take da ita a wurinmu, tsantsarsa a fuska yana tayar wa wasu mutane da borin fata mai tsanani. Ko wanne za ki gwada, ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin damtsenki ki jira kwana ɗaya ko biyu. Kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. In kika haɗa biyar fuska ta rikice, ba za ki san mai laifin ba.

Idan babban ƙurji mai zafi ya taso, ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora na 'yan mintuna, zai rage kumburin. In ya fara yin kai, tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana taimaka masa ya fashe da kansa. Hannu dai a cire. Na san wannan ya fi komai wuya, musamman in mutum na gaban madubi.

Batun abinci, mutane da yawa za su ce miki ki bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Babu ƙwaƙƙwarar shaida a kan haka, kuma maiƙon da aka ci ba shi ke fitowa ta fuska ba. Inda bincike ya fi nuna alaƙa shi ne sukari da abincin da ke saurin zama sukari a jini: lemon kwalba, shayi mai sukari da yawa, farin biredi, kek, alewa. Suna tayar da sinadarin insulin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, shi kuma yana zuga buhunan maiƙo. A 2007 an yi gwaji a Ostireliya a kan samari 43 na tsawon mako 12, waɗanda suka rage irin wannan abinci ƙurajensu sun fi raguwa. Madarar shanu ma an ga alaƙarta da ƙuraje a wurin wasu mutane, amma ba a ga haka a fili ga kindirmo da dangoginsa ba. Saboda haka ba zan raba Basakkwaciya da furarta ba. Ki sha fura da nono, ki dai rage sukarin da ake zubawa. Gero, dawa, wake, zogale, rama da sauran ganye sun fi miki farar shinkafa da taliya kullum. Ki samu barci isasshe, domin za ki lura lokacin jarrabawa ƙurajen sun fi tasowa, haka ma 'yan kwanaki kafin al'ada.

Tabon kuwa, albishirinki, irin wanda yake shafe ba rami ba yana gushewa da kansa. Yana ɗaukar watanni, mai duhu sosai yakan haura shekara. Abu biyu ke hana shi tafiya: sabbin ƙuraje da rana. Ki riƙa bin inuwa, ki riƙe lema in za ki yi tafiyar ƙafa da tsakar rana, in kuma da hali ki sayi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, marar maiƙo. In kuɗinki abu ɗaya zai iya saya saboda tabo, wannan ne.

Zan faɗa miki gaskiya a matsayina na wadda ke ganin irin wannan matsala kullum: dabarun gida suna isar wa mai ƙananan ƙuraje jefi-jefi. Ke da kika kusa shekara biyu har da tabo, ina ganin za ki buƙaci ki haɗa da magani ɗaya na kemis, kuma ba shi da tsadar da kike tsoro. Bayan fatar ta huta mako biyu ko uku ta daina raɗaɗi, ki nemi Benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100. Mai kashi 10 bai fi su aiki ba, ya dai fi su ƙona fata. Ki fara da ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ki shafa siriri a duk yankin da ƙurajen ke fitowa, dare ɗaya ki tsallake ɗaya, har fata ta saba. Yana kashe ƙwayar cutar yana kuma taimakawa wajen buɗe ƙofofin. Ki kula, yana cin launin tufafi, don haka ki sa tsohuwar rigar filo kuma kada ya taɓa hijabinki mai kala. Akwai wani mai suna Adapalene da ya fi shi iya hana toshewa, amma mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta amfani da shi, gara likita ya rubuta miki. Kada kuma ki sayi ƙwayoyin kashe cuta irin su kafso ki riƙa sha da kanki.

Akwai halin da ba a tsayawa gwajin gida. In ƙurajen manya ne masu tauri a can cikin fata suna zafi, in suna barin rami ko tabo mai tudu, in sun bazu ƙirji da baya, ki tafi asibiti da wuri, domin rami in ya samu ba ya cikewa da zuma ko alobera. Haka in al'adarki tana rikicewa ko tana tsallake watanni, ga gashi yana fito miki a haɓa, ga ƙiba tana ƙaruwa, wannan yana iya nuna matsalar homon da ta shafi ƙwan mace, kuma can ciki za a yi maganinta. Ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya da ke ƙaiƙayi sosai lokacin zafi kuma wataƙila ba ƙurajen balaga ba ne, na gumi ne ko na wani nau'in naman gwari, maganinsu daban. Sannan in abin ya kai kina ƙin shiga mutane, kina fashin makaranta, ko kina kuka a ɗaki, wannan ma dalili ne cikakke na ganin likita, kada ki ji kunyar faɗa.

A nan cikin gari za ki iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ki nemi a haɗa ki da likitan fata. Ranar da za ki je kada ki sa hoda, ki tafi da bututun man nan da kwalinsa da duk wani sabulu ko haɗi da kika taɓa shafawa, ki kuma faɗi tsawon lokacin da kika yi kina amfani da kowanne. Kafin nan ki ɗauki hoton fuskarki yau a hasken rana, ki sake ɗauka bayan mako 8 a wuri ɗaya, domin ido da ke kallon madubi kullum ba ya lura da sauƙin da ke zuwa a hankali. Allah Ya ba ki lafiya, ɗiyata.